Rajistar aiki: tsayar da iyakar gudun kowane abin yanka a kan sifindil

3 ga Maris

Sifindil, wato sandar da ke juya wuƙa a injin sassaƙa ƙarfe mai kwamfuta, wanda ake wannan aiki a kansa, yana kaiwa juyi 24,000 a minti. Wannan adadi nasa ne shi kaɗai, wato abin da boris ɗinsa da wayoyin cikinsa za su jure. Bai ce komai ba game da wuƙar da aka ɗaura masa. Abin da muka sa a gaba shi ne kowane abin yanka da ke cikin ma'ajiyar injin ya samu tasa lambar iyakar gudu, kuma injin ya ƙi wuce ta ko da shirin aiki ya nemi haka.

Tun daga farko mun raba abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa. Akwai gudun yanka, wanda ke nuna ko bakin wuƙa zai daɗe ko zai ƙone: a ninka mitocin da ake so a minti da 1,000, a raba da faɗin wuƙar sau 3.14. Endimil (wuƙar sassaƙa mai kama da diril) na kabayid (wani ƙarfe mai tsananin tauri) mai faɗin milimita 6 a kan ƙarfe mai taushi, a mita 120 a minti, yana son juyi kusan 6,400. Idan aka wuce haka, wuƙa ce za a yi asara. Sannan akwai iyakar aminci, inda abu ke ɓallewa, ko ya lanƙwashe, ko ya tarwatse, ko da bai taɓa ƙarfen aiki ba. Wannan ta biyun ce aikinmu.

Lambar ba ta wuƙa ita kaɗai ba ce. Ta haɗin gaba ɗaya ce: wuƙa, kolet (zoben da ke matse ƙotar wuƙa), noti, mariƙi (abin da ke haɗa su da sifindil), da tsawon da ƙotar ta fito waje. Kowannensu yana da tasa iyakar, kuma wadda ta fi ƙanƙanta ita ce ta haɗin.

5 ga Maris

Kafin komai, sai an tabbatar cewa lambar da ke kan allo ita ce gudun gaske. An manna farin tef mai ƙyalli a jikin mariƙi marar wuƙa, aka auna da ma'aunin juyi mai haske a S6000, S12000, S18000 da S24000 (S ita ce umarnin gudu, juyi a minti). Inbatar, na'urar da ke sarrafa gudun sifindil, tana bayar da 400 Hz a ƙololuwa, don haka kowane Hz ɗaya juyi 60 ne. Awon ya dace da allo, sai ɗan ragin da aka saba gani a irin wannan sifindil.

Dalilin da ya sa ba a tsallake wannan mataki: umarnin gudu yana tafiya ne ta waya mai bol 0 zuwa 10. Idan kwamfutar injin tana ɗaukar 18,000 a matsayin ƙololuwa alhali inbata an saita ta a 24,000, to S12000 zai aika bol 6.67, sifindil kuwa ya yi juyi 16,000. Allo zai ci gaba da nuna 12,000, amma ƙarfin da ke jan haƙoran wuƙa waje ya kusa ninkawa biyu. An kulle mafi girman mitar inbatar a 400 Hz.

10 ga Maris

An fito da duk wuƙaƙen da ke da haƙoran kabayid masu sukuru, aka goge jikinsu, aka nemi rubutun "n max", wato iyakar juyi. Wanda aka samu a jikin ƙarfen an rubuta shi. Wanda babu a jiki amma akwai a takardar kamfani, shi ma an ɗauka, bayan an tabbatar lambar samfurin ta yi daidai harafi da harafi, domin wuƙaƙe biyu masu faɗi ɗaya daga kamfani ɗaya suna iya bambanta sosai a iyaka.

Ga lissafin da ya sa muka fara da waɗannan. Wuƙar share fuska mai faɗin milimita 50, haƙorinta giram 8, tsakiyar nauyinsa kimanin milimita 22 daga tsakiyar juyi. A juyi 12,000 ƙarfin da ke neman wurga shi waje kusan niyuton 280 ne. A 24,000 ya haura niyuton 1,100, kwatankwacin nauyin kilo 110, kuma sukuru ɗaya ƙarami da kafaɗar gurbin haƙorin ne ke riƙe da shi. Gudu ya ninka biyu, ƙarfi ya ninka huɗu. Idan ya ɓalle, zai fita kamar dutse daga majajjawa, da gudun kusan kilomita 200 a awa.

Shi ya sa lambar da kamfani ya buga ba ta aiki sai da sukurun asali, a ɗaure da sifana mai awo gwargwadon abin da aka rubuta. Sukurun da kansa ya cinye, ko wanda aka aro daga wata wuƙa don zarensa ya shiga, ya soke lambar. Haka gurbin da ya taɓa cin karo ya buɗe baki. An ware biyu daga cikin wuƙaƙen saboda gurbi, an canza sukurori a sauran.

Akwai ƙa'idoji a bayan waɗannan lambobi: ISO 15641 na wuƙaƙen sassaƙa ƙarfe masu gudu sosai, da EN 847-1 na kayan yankan katako. Masu ƙera wuƙaƙen suna gwada samfuri a gudun da ya wuce abin da suke bugawa, a cikin rumbun gwaji mai sulke. Wannan ratar an bar ta ne saboda tsufan ƙarfe da kuskuren ɗauri. Ba kyauta ba ce da mai aiki zai ci.

Duwatsun wasawa sukan zo da lambarsu a mita cikin daƙiƙa. A ninka ta da 60,000, a raba da faɗin dutsen sau 3.14. Dutse mai faɗin milimita 100 da aka rubuta masa 35 yana tsayawa a juyi kusan 6,680. A ƙololuwar wannan sifindil bakinsa zai yi mita 126 a daƙiƙa, fiye da ninki uku da rabi na abin da aka yarje masa.

Wuƙa mai haƙora ko mai faɗi wadda ba ta da rubutu, ba ta da takarda, ba a san mai ƙera ta ba: ba mu ba ta lamba ba. Ta bar ma'ajiyar.

14 ga Maris

Dogayen wuƙaƙe da sirara. Wannan ɓangaren ne ya fi cin lokaci, domin a nan babu rubutun da za a karanta. Endimil mai milimita 6 da ya fito milimita 25 daga kolet ba ya jin komai a 24,000. Wannan endimil ɗin dai, ko diril, ko ƙotar dutsen goge rami, idan ya fito milimita 150, wani abu ne daban.

Duk sandar da aka riƙe ta gefe ɗaya tana da mitar (yawan kaɗawa a daƙiƙa) da take kaɗawa da kanta idan aka ɗan buge ta. Idan juyin sifindil ya zo daidai da wannan mita, ɗan lilon da ke bakin sandar yana ƙaruwa da kowane juyi. Bakin ya karkata, karkatar ta ƙara masa nisa daga tsakiya, nisan ya ƙara ƙarfin da ke jan sa waje. Cikin ƙiftawar ido ƙotar ƙarfe ta lanƙwashe a bakin kolet ta kwanta tana shara, ta kabayid kuwa ba ta lanƙwasa, karyewa take ta tashi. Wannan yana faruwa a iska, tun kafin wuƙa ta sauka kan aiki.

Lissafin da muke amfani da shi, ga sanda mai kauri ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, duk a milimita: a ninka kaurin da miliyan 43.4 idan ƙarfe ne, ko miliyan 54 idan kabayid ne, sannan a raba da tsawon fitowa sau kansa. Abin da ya fito shi ne gudun haɗari. Ƙotar ƙarfe mai milimita 6 da ta fito 100 tana ba da kusan 26,000. Idan ta fito 150, ya faɗo zuwa kusan 11,600. Ta kabayid tana ba da 32,400 da 14,400. An ƙara rabin tsawo ne kawai, amma gudun haɗari ya ragu da fiye da rabi.

Wannan lissafi yana ɗauka cewa an dasa sandar a cikin abin da ba ya motsi ko kaɗan. Kolet ba haka yake ba: yana ɗan ba da kai, mariƙi yana bayarwa, boris ma haka. Ramukan fitar da ɓarɓashi da ke jikin diril suna rage masa ƙarfi. Idan kuma akwai kai mai nauyi a bakin ƙota, kamar dutsen gogewa ko wuƙar yanka tsagi, mitar tana sauka ƙasa ƙwarai. Saboda haka mun tsayar da rabin abin da lissafi ya bayar a matsayin iyaka ga sanda miƙaƙƙiya. Rabin nan zaɓinmu ne, ba wata ƙa'ida ce ta faɗa ba, kuma mun fi son a ce ya yi tsauri. Masu kai mai nauyi kuwa sai da jadawalin mai ƙera su, wanda ke ba da gudu daidai da tsawon ƙotar da ke waje.

Idan aka juya lissafin, ga tsawon da ya halatta a cikakken gudu na 24,000: ƙarfe mai milimita 6, kada ya wuce 73, kabayid mai 6, kada ya wuce 82, ƙarfe mai 3, 52, kabayid mai 3, 58. Wannan iyakar juyi a iska ce kawai. Karkarwar yanka tana farawa tun kafin a kai can, don lanƙwasar wuƙa a ƙarƙashin nauyin yanka tana ninkawa takwas idan tsawo ya ninka biyu.

Abin da ya fi damun mu shi ne ɗabi'ar zaro ƙota daga kolet don a kai ƙasan rami. Ɓarna biyu ce a lokaci ɗaya: tsawon waje ya ƙaru, riƙon ciki ya ragu. Dokar da muka rubuta ita ce ƙota ta cika aƙalla kashi biyu cikin uku na tsawon kolet, kuma kolet ya kama sumul ɗin ƙota, ba wurin da ramukan yanka suka fara ba. An ƙara gurbin "tsawon fitowa" a jadawalin iyakokin wuƙaƙenmu. Duk wanda ya sake ɗaura wuƙa da wani tsawo daban, lambar da ke rubuce ta mutu, sai an sake lissafi.

19 ga Maris

Daidaiton nauyi. A jikin yawancin mariƙanmu an buga G2.5, wato matakin daidaiton nauyinsu, tare da wani gudu. Wannan ya fito ne daga ISO 1940-1, wadda yanzu ta koma ISO 21940-11. Rinjayen nauyin da aka yarda da shi, a giram-milimita, shi ne 9,549 sau lambar G sau nauyin haɗin a kilo, a raba da gudu. Haɗi mai giram 600 a G2.5 da juyi 24,000 yana da izinin giram-milimita 0.6 kacal. Ɓarɓashin ƙarfe mai giram 0.05 da ya maƙale a tsagin noti, milimita 15 daga tsakiya, ya riga ya wuce haka. A wannan gudu G2.5 na nufin tsakiyar nauyi kada ta kauce fiye da maikuron ɗaya (kashi ɗaya cikin dubu na milimita), alhali zaman mariƙi a bakin sifindil kansa yakan bambanta fiye da haka daga ɗauri zuwa ɗauri. Don irin wannan ne aka fitar da ISO 16084, wadda ke duba nauyin da boris ke ɗauka a zahiri.

Mu ma ta nan muka bi: maimakon bin harafin G, muna lissafa ƙarfin. Giram-milimita 0.6 a 24,000 bai kai niyuton 4 ba, ba abin da zai hana barci. Giram-milimita 30, wanda mariƙi mai sukurun gefe da ba a daidaita ba zai iya kaiwa, yana ba da kusan niyuton 190 yana zagaya boris sau 400 a kowace daƙiƙa. A juyi 8,000 wannan rinjayen niyuton 21 ne kawai. Don haka mariƙan sukurun gefe marasa rubutun daidaito sun tsaya a 8,000.

Wuƙar share fuska mai hannu ɗaya ita ce mafi muni. Hannun da haƙorinsa giram 60 ne, nisansa milimita 40, wato giram-milimita 2,400 idan babu nauyin da ke ɗaya gefen. A 3,000 niyuton 240. A 6,000 kusan 950. A 24,000 ya wuce 15,000, nauyin tan ɗaya da rabi. Tunda sifindil ɗin ba ya aiki da kyau ƙasa da 6,000, wannan wuƙar ba ta da gurbi a kansa.

Noti yana cikin lissafi. Mariƙin da aka daidaita da notinsa, idan aka musanya masa da wani, rubutun jikinsa ya daina aiki. An sa wa kowane mariƙi da notinsa lamba ɗaya.

24 ga Maris

Gwajin hawa gudu. Wannan ba neman inda abu zai fashe ba ne. Tabbatarwa ne cewa haɗin yana tafiya lafiya a ƙarƙashin iyakar da takarda da lissafi suka riga suka bayar, kuma ba a taɓa wuce ta.

Ana fara ɗumama sifindil da mariƙi marar wuƙa, daga ƙaramin gudu zuwa sama, don giris ya bazu cikin boris. A goge mazurarin mariƙi da bakin sifindil da ƙyalle marar gashi. A danna kolet cikin noti har ya yi ƙas kafin a ɗaura notin a mariƙi. Idan aka jefa kolet cikin mariƙi aka bi shi da noti, zai zauna a karkace. A ɗaure da sifana mai awo. A sa agogon awo a ƙota kusa da kolet, sannan a can kusa da baki, a juya da hannu. Abin da ya wuce milimita 0.02 a baki ana kwance shi, a wanke, a juya kolet, a sake. Idan bai gyaru ba, a canza kolet.

Sai a rufe ƙofa, kowa ya kauce daga layin da wuƙar ke juyawa, hannu ɗaya a kan maɓallin tsayawar gaggawa. A fara daga 6,000, a ƙara 2,000 a kowane mataki, a tsaya rabin minti ana karanta ma'aunin girgiza da aka manna a kan gidan boris na gaba. Girgizar rinjayen nauyi tana hawa a hankali tare da gudu. Wadda ta yi tsalle farat ɗaya tsakanin mataki biyu, ko sauti ya koma gurnani, alama ce ta an kusanci mitar wani abu. Nan take a tsaya.

Wani abu ya fito da ya cancanci rubutawa. Da mariƙai daban-daban, har da marar wuƙa, girgiza tana ɗan tashi a wajen 14,000 sannan ta sauka idan aka wuce. Tunda ba ta canza wuri da canjin wuƙa ba, ta jikin injin ce, wataƙila farantin da ke riƙe da sifindil. Ba iyakar wuƙa ba ce, amma an rubuta a guji zama a wannan yanki har a duba ƙusoshin farantin.

Endimil ɗin kabayid mai milimita 6 da fitowar 120, wanda lissafi ya ba shi 22,500 aka raba biyu, an tsayar da shi a 11,000. Ya yi tafiyarsa shiru har can.

28 ga Maris

Kayan da ba na yanka ba sun fi kowa buƙatar lamba. Na'urar taɓa gefen aiki mai waya ko batir: sifili, sifindil ba ya juyawa da ita ko kaɗan. Ma'aunin gefe mai sifirin, wanda kansa ke zamewa, an yi shi ne don juyi 1,000 ko ƙasa; a gudun wannan sifindil kan zai tsinke sifirin ya tafi. An cire shi. Bakin diril mai haƙora uku, musamman wanda ke zaune a kan mazurari ba tare da sukuru ba, an cire shi, diril duka sun koma kolet.

Faifan zarto na ƙarfen HSS (ƙarfen wuƙaƙen yanka, ba kabayid ba) mai faɗin milimita 63 yana son juyi kusan 150 a kan ƙarfe mai taushi. A 6,000 bakinsa yana yin kusan mita 1,190 a minti. Ba shi da wurin zama a nan.

2 ga Afrilu

Lambobin sun shiga injin. Wasu kwamfutocin inji, irin na Heidenhain, suna da gurbin NMAX a jadawalin wuƙaƙe. Tamu ba ta da shi, don haka an rubuta ƙaramin shiri a cikin umarnin canjin wuƙa, M6, wanda ke ɗauko iyakar wuƙar da ta shigo, kuma M3, umarnin kunna sifindil, ba ya tashi idan S ya fi ta. Mun zaɓi injin ya tsaya ya nuna kuskure, maimakon ya rage gudu shiru, domin idan gudu ya ragu saurin turawa bai ragu ba, kowane haƙori zai ɗebi fiye da rabonsa wuƙar ta karye.

Ramuka uku aka toshe a nan. Lambar S tana zama a ƙwaƙwalwar injin bayan an canza wuƙa, don haka idan ƙaramin endimil ya gama a S24000, aka ɗauko mai faɗin 50, shirin ya ce M3 ba tare da sabon S ba, babbar za ta tashi a 24,000. Yanzu M6 yana mayar da S sifili. Na biyu, maɓallin ƙarin gudu na hannu yana kaiwa kashi 120: wuƙar da iyakarta 18,000 za ta kai 21,600, ƙarfin wurgi ya ƙaru da kashi 44. An tsayar da maɓallin a 100. Na uku, wuƙar da ba a cike mata gurbin iyaka ba ana ɗaukarta sifili, ba 24,000 ba.

M4, juyin baya, an kulle shi ga duk wuƙa mai kai na zare, don yana kwance ta.

7 ga Afrilu

An gwada kullen da mariƙi marar wuƙa: an ba shi iyakar 8,000, aka nemi S9000 daga shiri, sannan daga allon hannu. Shirin ya tsaya. Allon hannu bai tsaya ba, domin maɓallin kunna sifindil na jikin allo ba ya bi ta cikin ƙaramin shirin. Sai an kai binciken cikin tsarin da ke aika wuta zuwa inbata, yadda kowace hanya za ta bi ta kansa. Kafin a gama wannan, an cire aikin maɓallin.

Duwatsun goge rami masu ƙotar milimita 3 da 6 suna nan a sifili, ana jiran jadawalin tsawon ƙota daga mai ƙera su. Gobe za a duba ƙusoshin farantin sifindil da sifana mai awo, a sake hawa gudu da mariƙi marar wuƙa daga 12,000 zuwa 16,000 a matakan 500, a ga ko tashin girgizar ya matsa daga wurinsa.